Yadda ake tabbatar da cewa ƙoto mai guba ya kashe gidan cinnakan wuta

Wani ɗalibi da ke karatun ilimin ƙwari a wata jami'ar noma da ke jihohin kudu na ƙasar Amurka ya aiko da tambaya. An ba shi aikin gwada ƙoto mai guba iri biyu a kan cinnakan wuta a wata makiyayar shanu. Ya zuba wa tsibi 20, wato tudun ƙasar da cinnakun ke ginawa a kan gidansu, na farkon, ya zuba wa wasu 20 na biyun, bayan kwana 7 ya koma ya tarar yawancin tsibin da suka sami na farko sun yi tsit, na biyun kuwa cinnakunsu na nan suna kai da komo kamar ba a taɓa su ba. Yana so ya sani ko wannan ya isa ya rubuta cewa na farko ya fi na biyu.

Bai isa ba tukuna, ƙanena, kuma gara ka ji haka yanzu da ka ji shi ranar da malamanka za su zauna a kan rahotonka. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, sai dai iyakar abin da ya nuna shi ne ƙoton farko yana da saurin kashe ma'aikatan cinnakun, ko kuwa ya sa gidan ya tashi ya koma wani wuri. Bai gaya maka halin da sarauniya take ciki ba, alhali muddin tana raye tana saka ƙwai, gidan yana nan ko da ka share ma'aikata dubu ɗari.

Dabarar ƙoto gaba ɗayanta an gina ta ne a kan yadda wannan ƙwaro yake cin abinci, saboda haka daga nan ya kamata mu faro. Cinnakan wuta, wanda masana ke kira Solenopsis invicta, ba cinnakan nan namu na gida ba ne. Asalinsa nahiyar Amurka ta Kudu, wajen arewacin Ajantina da Faragwai da wani ɓangare na Burazil, kuma ya shiga ƙasar Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobil a jihar Alabama cikin shekarun 1930, daga baya aka gano shi a birnin Birisben na Ostireliya a 2001, sannan a Taiwan da ƙasar Sin bayan 'yan shekaru. Gida ɗaya da ya ƙasaita yakan tara ma'aikata sama da 200,000, amma masu fita neman abinci kaɗan ne daga cikinsu, kuma yawanci tsofaffi ne da kwanansu ya kusa ƙarewa. Babban cinnaka ba ya iya haɗiye abu mai tauri, domin akwai matata a maƙogwaronsa da ba ta barin komai ya wuce sai ruwa-ruwa. Idan ya sami mai ko zaƙi sai ya tsotse ya tara a wata 'yar jaka a cikinsa, ya koma gida ya ɗura wa 'yan'uwansa baki da baki, su ma su ɗura wa wasu, har abin ya isa ga tsutsotsi da sarauniya. Abu mai tauri kuwa ana kai shi ne ga tsutsotsin da suka kai matakin girma na ƙarshe, su narkar da shi, a sake rabawa.

Wannan ne ya sa ake haɗa ƙoton da tsakin masara da aka jiƙa da man waken suya, a narkar da gubar a cikin man. Kuma wannan ne ya sa ake neman guba mai jinkiri da gangan. Guba mai kisa nan take ɗan aike kawai take kashewa a hanya, saƙon bai isa fada ba. Tun cikin shekarun 1960 masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka suka kafa sharaɗin cewa gubar da ta dace da ƙoto ita ce wadda ba ta kashe sama da kashi 15 cikin 100 na ma'aikata a cikin awa 24 na farko, amma ta kai kusan kashi 90 a ƙarshen gwaji, kuma ta ci gaba da aiki ko da an tsarma ta ninki goma zuwa ɗari, tunda kowane baki da ta bi ƙarfinta raguwa yake yi. Ka ga ke nan saurin da ya burge ka a kwana 7 ba shi ne ma'aunin da aka gina fannin a kai ba.

Ba ka faɗi sunan gubar da ke cikin kowane ƙoto ba, ni kuwa abin da zan fara dubawa ke nan a jikin buhu. Akwai masu kashe cinnakun kai tsaye, kamar indoksakab da ke cikin ƙoton kasuwa mai suna Advion, wanda ke toshe aikin jijiyoyi kuma ana ganin tasirinsa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, da haidirametilnon da ke cikin Amdro, wanda aka yi wa rajista a 1980, yana hana jikin ƙwaron sarrafa abinci ya zama ƙarfi, yana ɗaukar makonni kafin ya gama aikinsa. Akwai kuma masu hana girma, kamar metofirin da ke cikin Extinguish, da firifiroksifen. Waɗannan ba sa kashe babban cinnaka ko ɗaya. Abin da suke yi shi ne su lalata haihuwar sarauniya su hana 'ya'ya zama ma'aikata, sai gidan ya riƙa ƙanƙancewa a hankali yayin da tsofaffi ke mutuwa ba masu maye gurbinsu, abin da kan ɗauki wata biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Idan ƙotonka na farko daga rukunin farko yake, na biyu kuma daga wannan, to ka yi kamar manomin da ya shuka gero da dawa rana ɗaya, ya zagaya gona lokacin da gero ya nuna, ya dawo yana cewa dawa ba ta yi ba.

Matakin ɗakin bincike ba zan daɗe a kansa ba, don na san kuna yin sa a darasi. Ana haƙo gida a bokiti, a riƙa ɗiga ruwa a hankali har cinnakun su taso sama su dunƙule, a kwashe su a zuba a faranti mai zurfi da aka shafa wa gefensa hoda ko wani abu mai santsi, a ba su ruwan sukari da gyare, sannan a miƙa musu ƙoton tare da wani tsakin mai mai wanda ba guba a ciki, a auna nawa suka kwashe daga kowanne. Amfanin wannan shi ne ya raba maka matsaloli biyu da suke kama da juna a fili: ƙoton da cinnaku suka ƙi ɗauka, da wanda suka ɗauka amma gubarsa ba ta isa ba. Sai dai gidan da ke cikin faranti ba shi da zaɓin abinci kuma ba shi da inda zai gudu, saboda haka sakamakonsa kusan kullum ya fi na fili kyau.

A fili, babban giɓin aikinka shi ne ba ka bar wani wuri da ba a zuba wa komai ba domin ya zama shaida. Tsibin cinnakan wuta yana bayyana yana ɓacewa da yanayi ko ba wanda ya taɓa shi. Idan ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi sai su gina shi ya yi tudu, idan kuwa fari ya yi tsanani sai su nutsa can ƙasa wurin danshi, su daina gyaran sama, shanu su tattake shi ya baje, ka wuce ta kansa ka rantse ba kowa. Kuma gida yakan yi ƙaura haka kawai, balle an dame shi. Wanda ya zuba magani a tsibi guda-guda, ya dawo ya tarar da shiru, sau da yawa in ya ɗaga kai ya duba taku biyar ko goma daga wurin zai ga sabuwar ƙasa mai laushi da ba ta nan a makon jiya. Wannan gidan nan ne ya sauya mazauni, kuma duk wanda ya rubuta shi a layin matattu ya ƙara wa ƙoton makin da bai ci ba.

Akwai wata matsala kuma da ta shafi yankin da kake. Cinnakan wuta iri biyu ne ta fuskar zamantakewa: mai sarauniya ɗaya, wanda kowane gida ke kare iyakarsa yana faɗa da maƙwabci, da mai sarauniyoyi da yawa, wanda ya yawaita ƙwarai a Teksas, tsibinsa ƙanana ne kusa da juna, ɗaruruwa a eka guda, kuma ma'aikata da abinci suna yawo tsakaninsu ba shamaki. A irin wannan wuri ƙoton da ka zuba wa tsibi na 3 zai iya kwana a cikin tsibi na 9 wanda ka zuba wa ɗaya maganin, sai sakamakon biyun ya cakuɗe ba ka sani ba. Dole rahotonka ya faɗi wane iri ne a makiyayar.

Shi ya sa na fi son a yi gwajin a kan fegi maimakon tsibi. Tsarin da aka saba da shi shi ne a yanka fegi mai girman eka guda, a watsa ƙoton a ko'ina cikinsa, amma a yi ƙidaya a cikin da'irar da ke tsakiya kawai, mai girman rubu'in eka, wadda za ka fitar da turke da igiya mai tsawon kusan mita 18. Sauran filin da ke kewaye katanga ce da ke hana cinnakun waje shigowa lissafinka. Kowane magani, har da na shaida, ya sami fegi aƙalla huɗu. Kafin a zuba komai a ƙirga tsibin kowace da'ira, a jera fegin daga mai yawa zuwa mai kaɗan, a kasa su rukuni-rukuni masu kama da juna, sannan a cikin kowane rukuni a jefa ƙuri'a don sanin wane fegi zai sami wane magani. Kada ka zaɓa da idonka, domin zuciya tana da yadda take kai maganin da take so fegin da ya fi sauƙi. Ni a ganina da'irar da tsibinta bai kai goma ba ba ta da amfani sosai, tunda ɓacewar biyu kawai za ta girgiza adadin. In da hali, wanda zai yi ƙidayar baya kada ya san abin da aka zuba a kowane fegi.

Ranar zubawa ma tana iya kashe gwaji tun kafin ya fara. Adadin da ake watsawa kaɗan ne ƙwarai, kimanin rabin kilo zuwa giram 700 a eka, har mutum ya riƙa ganin kamar bai zuba komai ba, kuma ƙarawa ba ya ƙara kisa. Cinnakun sun fi fita idan zafin ƙasa a zurfin santimita 2 yana tsakanin digiri 22 da 36 a ma'aunin Salshiyas, don haka a tsakiyar bazarar can sai da yamma liƙis ake zubawa. Kafin ka buɗe buhu ka ajiye ɗan yankin nama mai maiƙo ko soyayyen dankali a ciyawa ka jira minti 20 zuwa 30. In sun lulluɓe shi, suna kiwo, in ba su zo ba ka koma gida ka dawo wata rana. Raɓa tana ɓata tsakin, ruwan sama a cikin 'yan awoyi bayan zubawa yana wanke aikin, hasken rana kuma yana saurin karya haidirametilnon, saboda haka abin da ba su kwashe ba a yinin farko kusan asara ne. Ka shanshana man kuma. Buhun da aka buɗe tun bara mansa ya tsufa ya canza wari, cinnaku ba sa kula shi, kuma na sha ganin an yanke wa guba mai kyau hukuncin rashin aiki alhali laifin na tsohon mai ne. Injin watsawar da aka yi aikin takin zamani ko wani maganin ƙwari da shi ma yana bar wa ƙoton warin da ke korarsu. Tunda makiyaya ce, ka tabbata takardar jikin buhun ta yarda a yi amfani da shi inda dabbobi ke kiwo, don ba kowane ƙoto aka amince wa hakan ba.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ka riƙe, wato yadda ake duba tsibi. Kallo daga sama ko zungurarsa da sanda ba ya wadatarwa, sai an buɗe shi da shebur. Ka je da hantsi, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa, lokacin da rana ta fara ɗumama ƙasa, domin a lokacin ne ma'aikata ke hauro da 'ya'yan zuwa saman tsibin ta gefen da rana ke bugawa. Ka barbaɗa hoda a ƙotar shebur da takalman robarka, don suna hawa ne shiru ba ka ji, sai sun taru su yi harbi kusan a tare, washegari kowane wurin harbi ya fito da farin ƙurji. Ka kafa shebur sau ɗaya ka juye ƙasar. A gida mai lafiya za ka ga ramuka kamar saƙar zuma, cinnaku jajaye suna tafasa, a tsakaninsu kuma fararen 'ya'ya birjik kamar an zubar da tsakin shinkafa, kowane ma'aikaci ya cafki ɗaya a baki yana neman hanyar ƙasa. Waɗannan ƙananan fararen su ne shaidar cewa sarauniya tana aiki. A gidan da maganin hana girma ya kama kuwa, cinnakun za su taso maka da fushi kamar kullum, amma in ka duba da kyau ƙananan 'ya'yan babu su, sai wasu manyan tsutsotsi masu ƙiba jefi-jefi, waɗanda na masu fiffike ne, wato maza da sarauniyoyin gobe, ba na ma'aikata ba. Mai kallo daga nesa zai ce wannan gida yana raye, wanda ya durƙusa ya duba kuwa ya san ƙarshensa ya zo.

Domin a mayar da wannan kallo lissafi, masu binciken ma'aikatar noma ta Amurka sun tsara ma'auni a farkon shekarun 1980 wanda har yanzu ake aiki da shi. Ana ƙiyasta yawan ma'aikata a ajuzuwa biyar: ƙasa da 100, daga 100 zuwa 1,000, daga nan zuwa 10,000, daga nan zuwa 50,000, sai abin da ya haura haka. Gidan da ba shi da 'ya'yan ma'aikata yana samun maki 1 zuwa 5 gwargwadon ajinsa, mai 'ya'ya kuwa 5, 10, 15, 20 ko 25. Ka lura da hikimar abin: gida mafi girma da ya rasa 'ya'ya makinsa daidai yake da na gida mafi ƙanƙanta da ke da su. Jimillar makin da'ira ita ce adadin da za ka bi daga mako zuwa mako, tare da yawan tsibin da ke da rai. Lokacin fari, da tsibi ke ɓoyewa, ka haɗa da jera 'yan kwalabe masu nama a ciki a kan layi, ka rufe su bayan rabin awa ko awa guda ka ƙirga abin da ya shiga. Da irin wannan hanyar ake bin ƙaramin cinnakan wuta, Wasmannia auropunctata, wani jinsi daban da ya bazu a Gabon da kudancin Kamaru, tunda shi ba ya gina tsibin da za a ƙirga.

Amfanin fegin shaida yana fitowa ne wurin lissafi, kuma hanyar da aka saba bi ita ce ta Henderson da Tilton ta 1955. Bari mu ƙaddara, don misali kawai, cewa fegin magani yana da tsibi 50 kafin zubawa ya koma 10, na shaida kuma yana da 40 ya koma 30 saboda zafi. Mai gaggawa zai ce maganin ya kashe kashi 80. Amma tunda na shaida ya ragu da rubu'i ba tare da magani ba, su ma 50 ɗin da sun koma 37 da rabi ko ba a zuba komai ba, don haka da 37 da rabi za a gwada 10 ɗin, abin da ya ba da kusan kashi 73. Idan kuwa ruwa ne ya sauka tsibin shaida suka ƙaru, gyaran zai juya ya ƙara wa maganin maki. Ƙoto mai kyau da aka watsa a kan ƙa'ida yakan kai kashi 80 zuwa 95, saboda haka tazarar maki bakwai tana iya zama ita ce bambancin wanda za a ba manomi shawarar saye da wanda za a ajiye.

Batun lokaci kuwa, ka yi ƙidaya kafin zubawa, sannan a mako na 1, na 2, na 4, na 8 da na 12, kuma in shekarun karatunka sun ba da dama ka ƙara wata na 6 da na 12. Ƙidayar ƙarshen nan tana da daraja saboda cinnakan yana dawowa. Bayan an yi ruwa rana ta fito, masu fiffike suna tashi su yi barbara a sama, sababbin sarauniyoyi su sauko su haƙa rami, kuma ƙasar da aka share wa manyan gidaje ita ce ta fi yi musu daɗin sauka, don ba mai cinye su. Ƙoton da ya fi sauri shi ne sau da yawa filinsa ke fara cika, na hana girma kuwa yakan bar ragowar ma'aikata suna yawo wata da watanni suna kashe baƙin sarauniyoyi. Amurka ta biya kuɗi mai yawa kafin ta koyi wannan darasi: daga 1962 ta yi ta watsa ƙoton mireks daga jiragen sama a kan miliyoyin ekoki, aka dakatar da shi a 1978 saboda gubar ba ta narkewa kuma tana taruwa a jikin dabbobi, cinnakan kuwa ya ci gaba da faɗaɗa ƙasarsa, har da taimakon rashin tururuwar asalin wurin da ƙoton ya tafi da su. Don haka duk abin da ya shiga kwalabenka wanda ba cinnakan wuta ba ne, ka ware shi ka rubuta, ba shara ba ne.

Tsibin nan 40 da ka riga ka zuba wa, kada ka yar da su, ka ɗauke su a matsayin gwajin share fage. Ka kafa wa kowanne tuta mai lamba, ka zana taswirar wurin, ka zagaya kowane tsibin da ya yi shiru har taku goma kana neman sabuwar ƙasa, ka kuma ware wasu 20 can nesa da ba a taɓa ba ka fara bin su daga yau, ko da yake sun makara. A mako na 4 da na 6 ka koma wurin na ƙoto na biyu da shebur da hantsi, ka durƙusa ka duba ko ƙananan fararen 'ya'yan suna nan ko manyan tsutsotsi ne kawai suka rage, ka rubuta makin kowanne kafin ka matsa zuwa na gaba.